Ƙofar da Na Ƙi Buɗe wa Alhaji

Abba da Nafisa, na san abin da kuka ji. Kun ji a bakin mutane cewa ubanku ya taɓa tare ƙofa ya hana Alhaji Sabi'u shiga, a gaban jama'a, saboda wani tsohon gidan Turawa. Gaskiya ne, na yi. Sai dai wanda ya ba ku labarin, wutsiya ya miƙa muku ya riƙe kan. Ni ba mai dogon karatu ba ne, bayana kuma ba ya barina in daɗe a zaune, don haka zan faɗa muku yadda abin ya faru, ba ado ba ƙari.

Ku fara sanin wane ne Alhaji a wurina. Mutumin garinmu ne, Magarya. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan ta Amurka da jaka ɗaya da rigar da ba ta tare sanyi. A bayan shagonsa na unguwar Tompkinsville na riƙa kwana, tsakanin buhunan gari da jarkokin manja, har na samu ɗaki. Shi ya karɓa mini auren uwarku. Da aka haife ka, Abba, sunansa na sa maka, shi ya sa ba a kiran sunanka na yanka a gidanmu. Na yi shekaru ina tsallaka ruwa a jirgin fito daga tsibirin da muke zaune zuwa Manhattan ina dakon kwalaye a wani sito, har bayana ya ce ya gaji. Likita ya hana ni ɗaukar kaya. Na koma zaman gida, uwarku tana fita aikin jinyar tsofaffi, ni kuwa ina zaune a ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa ina kallon ƙafafun mutane ta taga suna tafiya aiki. Wanda bai taɓa irin wannan zaman ba, ba zan iya kwatanta masa ba. A nan ma Alhaji ne ya fitar da ni. Akwai wani tsohon kafinta Bature, sunansa Walta, da ke zuwa shagon sayen man kaɗanya saboda hannuwansa masu tsagewa da sanyi. Shi ke kula da wani tsohon gidan gona a can cikin tsibirin, kuma yana neman mai shara da yankan ciyawa da buɗe wa baƙi ƙofa. Alhaji ya ce masa yana da mutum, ba ya sata, ba ya sha, sai dai ba ya dariya. Da wannan shaidar aka ɗauke ni.

Ranar farko da na ga gidan sai da na yi tsaki a zuci. A ce a garin da gine-gine ke zungurar gajimare, ni gidan da aka kawo ni ko zauren ubana ya fi shi tsayi. Yana tsugune a kan wani tudu, harsashinsa dutse, jikinsa lulluɓe da ƙananan fallayen katako da aka jera kamar ɓawon kifi. Rufin ya gangaro ya lanƙwashe a baki kamar malafa, ya fito waje sosai don ruwa ya zuba nesa da bango. Ƙyauren rabi biyu ne, ka buɗe na sama iska ta shigo, na ƙasa yana rufe don kada dabba ta shiga. Ina sa ƙafa goshina ya gaisa da katakon saman ƙofa, Walta ya ce kowa da haka yake biyan kuɗin shiga. Ciki duhu-duhu, ƙanshin tsohon hayaƙi, ga murhu da mutum zai tsaya a cikinsa bai sunkuya ba. Sama da kanka gumagumai ne baƙaƙe sun ratsa ɗakin, kowanne ya zauna a kan ginshiƙansa biyu, ɗaya bayan ɗaya tun daga wannan bango har wancan, kamar haƙarƙarin bijimi. Ya ce mini manoma ne suka gina shi tun kafin ƙasar ta samu sunanta, kuma hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi, ko ƙusa ɗaya ba a bugawa sai da takardar izini.

Ubana magini ne, da ƙasa da azara ya ciyar da mu, don haka idona ya san gini ko da hannuna bai gaje shi ba. Da Walta ya lura ina yawan ɗaga kai, sai ya hau da ni ƙarƙashin rufi ya ce in nemo masa ƙusa a jikin gumaguman. Na duba har na gaji, babu. An huda wannan, an feƙe bakin wancan, an zura shi ciki, sannan an buga turken itace ya ratsa su duka biyun. Shi ke nan abin da ke riƙe da gidan. Itacen mai tauri ne kamar ƙirya, har yanzu ana ganin sawun gizago a jikinsa, sara bayan sara, kana iya gane inda mai saran ya gaji. A kowace mahaɗa akwai 'yan zane-zane da aka yi da bakin ƙarfe, iri ɗaya a jikin katakai biyun da za su haɗu, domin a ƙasa aka sassaƙa komai, sannan maƙwabta suka taru rana ɗaya suka ɗaga. Na ce masa ai wannan gayya ce, mu ma haka muke yi. Ya sa na maimaita kalmar har ya iya.

Abu ɗaya ne ya daɗe bai shiga kaina ba. A wurinmu gida da yaɓe yake rayuwa. Damina ta wuce, a kwaɓa ƙasa a rufe tsohon jiki da sabo, wanda kuwa ya bar bangonsa da tabo, ko dai malalaci ne ko ba shi da kowa. Su kuma nan tsufan ne abin nunawa. Na ɗauka rowa ce kawai aka yi wa suna mai daɗi. Sai wata rana Walta ya kira ni bayan gida, inda wani mai kyakkyawar niyya ya taɓa toshe ƙasan bango da siminti shekaru da yawa da suka wuce. Ya fasa simintin da guduma, ya sa hannu ya damƙo katakon da ke bayansa. Ya marmashe a tafinsa kamar garin kwaki.

"Itace yana shan ruwa yana fitarwa," in ji shi. "Siminti ya bar shi ya sha, ya hana shi fitarwa. Wanda ya yi wannan son gidan yake yi, Ilu. Shi ne abin tsoron."

Ban manta wannan garin katakon ba. Ku ma ku riƙe shi, don shi ne rabin labarin.

Sai shekarar babbar guguwa. Kai Abba kana iya tunawa, ke Nafisa kina ƙarama. Teku ta shigo unguwarmu, ɗakinmu ya cika har saman taga, katifa da tukwane da hotunan aurenmu duk suka zama na ruwa. Da gari ya waye muna tsaye a bakin titi da kayan jikinmu, sai ga Walta da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Bai tambaye ni komai ba, ya ce mu hau. Ya kwashe mu tare da iyalin Awudu, maƙwabcinmu ɗan zangon Kumasi mai tuƙin tasi, ya kai mu ɓangaren da yake zaune a jikin tsohon gidan, shi ya koma kan kujera. Manyan gidajen bakin ruwa sun karye, wannan tsohon da na raina yana nan tsugune a kan tudunsa. Muka yi makonni a can. Uwarku ta tuƙa tuwo a murhun Walta, shi kuma ya ci miyar kuka da cokali yana cewa da daɗi, idonsa na cewa wani abu dabam. Ke Nafisa a jikin rabin ƙyauren nan kika koyi lilo, in na hana ki da Hausa ki ba ni amsa da Turanci. Amma gidan ma ya ji jiki. Iska ta ɓanɓare fallayen bangon da ke kallon teku, abin da ke ciki ya fito fili, har wani sashe ya zube. Na tsuguna na ɗebi abin da ya zube na murza. Laka ce da ciyawa, irin kwaɓin da na taka wa ubana ina yaro, ita aka cusa tsakanin katakai don tare sanyi. Na daɗe a tsugune a wurin, ban san me ya riƙe ni ba.

Walta ya rufe wurin da shuɗin tamfol ya rubuta wa hukuma. Sanyi ya shigo ya fita, takarda ba ta fito ba. Mu mun samu wani ɗakin mun tashi, tamfol yana nan yana kaɗawa. Alhaji kuwa, wanda tun muna can yake kawo mana abinci, wannan tamfol ya tsaya masa a rai. Yakan ce mutum ya rufa wa mutanenmu asiri, mu kuma mun bar bangonsa da tsumma, ina amfanin yawanmu? Na taɓa ce masa gidan yana da doka. Ya kaɗa hannu ya ce doka ta ɓarawo ce. Ban ɗauka maganar za ta wuce baki ba.

Da bazara ta shigo aka yi wa Walta aikin gwiwa, 'yarsa ta tafi da shi gidanta ya yi jinya. Ya damƙa mini mabuɗin ƙofar shinge da na gidan, ya ce ga tsohon nan, in kula da shi. Wata Lahadi da hantsi ina share ganye sai na ji motoci sun tsaya. Alhaji ne a gaba da tsohuwar riga ta aiki, bayansa mutanen masallacinmu, 'yan Nijar da 'yan Gana da 'yan Nijeriya, waɗansu sun bar tasi, waɗansu sun rufe tebur. Ana sauke buhunan siminti da bokitan farin fenti da ƙusoshi da kulolin shinkafa. Awudu ya kifa bokiti yana kiɗa yana cewa yau tsoho zai yi sabuwar riga. Kowa fuskarsa a sake. Na rantse muku ban taɓa ganin mutanenmu sun yi kyau kamar wannan safiyar ba. Sun shirya abin a ɓoye ne don Walta ya dawo ya tarar da bango a tsaye, fari fat, har da baƙaƙen gumaguman ciki an ce za a shafe su su yi haske. Ni ma an ɓoye mini don kada in yi subutar baki.

Na ajiye tsintsiya na zo bakin shinge, ni a ciki su a waje. Alhaji ya yi sallama na amsa.

"Ilu, buɗe mana. Rana tana yi."

"Alhaji, ku yi haƙuri. Ba a taɓa gidan nan."

Ya yi dariya, ya waiwaya ya ce wa jama'a ku ji ɗan boko. Na yi masa bayanin takarda, na yi masa bayanin katakon da ya zama gari. Bakina ba ya iya jera magana ko da rana mai daɗi, ballantana wannan. Abin da ya fito bai wuce cewa simintinsu zai kashe gidan ba. Na ga fuskarsa ta sauya, don mutum ya sayo abu da guminsa ka ce masa guba ya kawo. Na ce to bari in kira Walta a waya ya ji da bakinsa.

"Ni za ka nemar wa izini?" in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba. "Tun yaushe ake neman izinin yin alheri? Da na shimfiɗa maka tabarma a bayan shago, wa na tambaya?"

Kiɗan Awudu ya tsaya. Mabuɗin yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Na san in na buɗe, kafin la'asar bango ya tashi, kowa ya ci shinkafa ya yi addu'a, ni in zauna ɗan halak a idon jama'a. Bayan nan hukuma ta zo, Walta ya amsa laifin da bai yi ba a kan gadon jinya, ni in koma kallon ƙafafu ta taga, gidan da ya ɓoye 'ya'yana kuma ya fara ruɓewa ta ciki inda ba mai gani. In kuwa na ƙi, na kunyata mutumin da ya zame mini uba, a gaban waɗanda ke tashi tsaye in ya shigo. Ban ga hanya ta uku ba. Wataƙila mai wayo da ya gani.

"Alhaji, ku ne kuka ce masa ba na cin amana. Da bakinku aka ba ni mabuɗin nan. Ba zan buɗe ba."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ya ce wa mutane su mayar da kaya mota. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi sauƙi. Kular shinkafa ɗaya suka bari a bakin shinge, ban san ko mantuwa ba ce. Ban iya ci ba.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku ba ku gane ba. Na je gidansa na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke rufe ƙofa. In na yi sallama yana amsawa, don wannan haƙƙin Musulunci ne, daga nan sai ya juya ga mai sayen daddawa. Bencin ƙofar shago da nake zama bayan Juma'a ya zama kullum a cike. Auren 'yarsa a bakin mutane na ji, uwarku ta je ita kaɗai ta dawo ta cire mayafi, sai da muka kwana biyu ta ce ita da ita ce da ta buɗe, amma ta san wanda ta aura. Awudu ya laƙaba mini Sarkin Gara, wai mai gadin abincin gara, har yau waɗansu da shi suke kirana. Simintin kuma aka gyara matakalar masallaci da shi, duk Juma'a ina taka shi ina tunawa. Kai Abba ka taɓa tambayata me ya sa mai sunanka ya daina ce mini in zauna in sha shayi, na ce maka yana da aiki. Wannan ita ce amsar da ban ba ka ba.

Walta ya dawo da sanda, uwarku ce ta gaya masa abin da ya faru. Ya ce a duk shekarunsa a gidan ba a taɓa zuwa da mutane haka don a taimake shi ba, kuma ya ji zafin rashin ganinsu. Da takarda ta fito da rani, aikin da aka yarda a yi shi ne a mayar da abin da aka samu, laka da ciyawa tsakanin katakai, sabbin fallaye a kai. Laka kuwa tana son ƙafa. Walta ba gwiwa, ni ba baya. Na cire kunya na je na gaya wa Awudu. Ya ce wato Amurka ya zo da ƙafarsa don ya taka taɓo, in mutanen Kumasi suka ji ya shiga uku. Amma ya zo, da mutum kaɗan cikin waɗanda na mayar ranar nan. Suka naɗe wando suka shiga kwaɓi, Walta yana kan kujera yana nuna inda za a cusa, yana kiran gayya, gayya, kamar sunan wani. Alhaji bai zo ba. Da azahar dai wata mota ta ajiye kuloli a bakin shinge ta wuce. Na san kulolin, na sha wanke su a bayan shago. Ba wanda ya ce ga wanda ya aiko, ni ma ban tambaya ba.

Muka yi shekaru a haka, ba faɗa ba daɗi. Har ciwon suga ya ci ƙarfin Alhaji ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Ana saura kwanaki ya tashi, ina yankan ciyawa, na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin shingen nan shi kaɗai, ya rame, yana dogara sanda.

"Yau ma sai an kira Baturen?" in ji shi.

Na buɗe. Na ce ya sunkuya a bakin ƙofa, bai ji ba, hularsa ta faɗi na ɗauko masa. Ya bi ɗakin a hankali yana kallon gumaguman da ya so ya shafa wa fenti. Na nuna masa turakun itacen, ya sa yatsa ya taɓa ɗaya. A jikin bangon da muka gyara an bar wani ɗan wuri a buɗe ta ciki don baƙi su ga abin da ke tsakanin katakai. Ya kankari lakar da farce, ya shinshina, ya ce ciyawar ta yi kaɗan, da ubana yana raye da ya mayar da mu kwaɓi. Na ce haka ne. Muka fito muka zauna a ƙarƙashin bakin rufin, inda inuwa take. Bai ce ya yafe ba, bai ce ni ke da gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ya yi ta ba ni labarin gonar da zai koma. Da zai tashi ne ya ce babban ɗansa zai riƙe shago, yaron yana da kirki amma kowa ya zo da daɗin baki sai ya ba shi hanya.

"Ka riƙa leƙa mini shi, Ilu. Kai ne na san ba ka buɗewa."

A Magarya ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ni dai na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutum biyu, ɗaya ya ba ni tabarma ɗaya ya ba ni mabuɗi, na kuma gode da bai ɗauki ran na farkon ba sai da ya shiga ƙofar nan. Don haka kada in ji ɗayanku ya ce Alhaji bai san abin da yake yi ba. Mutumin da ya tara jama'a ranar hutunsu don su biya alherin da ba shi aka yi wa ba, ya san abin da yawancin mutane ba su sani ba. Kada kuma ku sunkuyar da kai in an kira ku 'ya'yan Sarkin Gara. Abba, ranar da ka samu sarari ka zo in hau da kai ƙarƙashin rufin tun ƙafata tana iya matakala. In mun sauko zan nuna maka wurin da mai sunanka ya kankara da farce. Walta ya ce kada a shafe, ya shiga tarihin gidan.